Kwalekwale Mai Fiffike

Idan na rufe shagon gyaran waya a Ikeja,
na sha cunkoso har Agege,
na ci tuwon da ya gaji da jirana,
sai in buɗe tsohuwar kwamfutar nan
da mai ita ya ji kuɗin gyara ya ɓace.

Hoto ɗaya gare ni, baƙi da fari,
ya koɗe kamar rigar gado:
jirgin soja na zamanin da sama ba ta saba da mutane ba.
Fiffike biyu, wani bisa wani,
katako da yadi, da wayoyi a ɗaure kamar na garaya.
Ƙafafunsa ba taya,
kwalekwale biyu ne.

A wasan nan ba a ba ka jirgi.
Fili ake ba ka, da tarkace,
haƙuri kuwa ka zo da naka.
Da tsinken sakace na auna fiffiken a jikin hoton,
tsinke ɗaya da rabi,
na ninka, na raba, na ɓata, na sake.
Farfela ta ci mini dare biyu.
Wutsiya ta ci Lahadi guda.
Nepa ta cinye sauran.

Gwajin farko ya sheƙa a kan ruwa
kamar agwagwar da aka koro daga kicin,
ya sunkuya, ya nutse.
Gwaji na sha bakwai ma haka.
Uwani ta ce daga kan katifa,
"Wai jirgin nan naka alwala yake yi?"

Ran wata Asabar na tafi da kwamfutar shago.
Baba Hunsu ya kawo wayarsa,
ta faɗa ruwa a Makoko karo na uku.
Shekara arba'in yana sassaƙar kwalekwale.
Ya leƙa allon. Bai tambayi sunan wasan ba.
Ya ɗora farce mai kaushi a kan gilashi:
"Cikin nan ya kwanta da yawa.
Ruwa ba ya sakin wanda ya rungume shi.
Yanke masa gaɓa a ƙasa, ka ɗaga hancin."
Ban karɓi kuɗin gyara ba.

Saura bindiga.
Tana nan a hoton, bayan matuƙi,
bakinta na kallon wani wanda hoton bai ɗauka ba.
Na cire ta.
Jirgin ya sake kifa hanci.
Ashe tun farko da nauyinta aka daidaita shi,
abin ya tsaya mini kamar ƙayar kifi a maƙogwaro.
Wasan ya ce kilo sha tara.
Ladidi, ranar da mai sikelin bakin kasuwa ya auna ta,
sha takwas da rabi ce, har da takalmi.
Na kafa ƙaramar kujera a gurbin,
na rubuta nauyin,
na ƙara rabin kilo na awarar da take so.

Daren da ruwan sama ya ci layinmu,
kwata ta tumbatsa, silifa suna iyo a bakin ƙofa,
mun ɗora katifa kan benci biyu.
Ba wuta. Batir saura kashi tara.
Ladidi a cinyata, gashinta na warin man kwakwa.
Na tura mai.
Ruwa ya riƙe shi.
Ya riƙe shi.
Ya sake shi.

Ba wanda ya yi tafi.
Inji ne kawai ke tari cikin ƙaramar lasifika,
da inuwar fiffike biyu tana rarrafe kan shuɗin teku
wanda bai yi kama da namu ba ko kaɗan.

Ta ce, "Baba, a ina za mu sauka?"
Na dubi ƙasan ɗakinmu,
bokiti na yawo tsakanin ƙafafun benci.
Na ce, "Wannan jirgin, ko a nan."
Allon ya ɗauke
kafin ta gama dariya.